Ƙwan da Baba Ya Rufe

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da marasa lafiyarki. Mu nan gida kowa ƙalau, in ban da uwargidana Malama da cikinta ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura har takalmina take sawa ta tafi koyarwa. Hawan jinin Baba ya sauka. Yana shan maganinsa, yana kuma cin abinci in an zauna an sa masa ido. Aiki da godiya. Sababbin shagunan bakin kasuwa ni aka ba jan wutarsu, kullum sai in dawo gida da ciwon wuya saboda kallon silin.

Maganar ɗakin baya ce ta sa na zauna rubutu. Kin san tun da Baba ya bar kamfanin yadi ba shi da abin yi sai zanen ƙwai. Ni ban taɓa sa baki ba. Lokacin da ya fara ina can wajen koyon aiki, in na zo hutu sai dai in ga sababbi a kabad ɗin gilashi na falo, in ce sun yi kyau, in wuce. Ko da muka dawo gidan nan da zama bayan rasuwar Umma, ban cika shiga ɗakin ba, don shi ma ba ya son a shiga.

Makon jiya Malama ta ji ƙauri. Ta leƙa ta tarar gefen labule ya babbake, Baba kuma yana zaune da kyandir a gabansa, kansa a sunkuye, bai ma lura ba. Auta, sana'ata ta sha kai ni gidajen da wuta ta ci, na san yadda abin yake farawa. Da na shiga cire labulen sai na ga abin da ya fi labulen tayar mini da hankali. Kiret-kiret na ƙwai a kan tebur, a ƙarƙashin tebur, har a kan keken ɗinkin Umma, kuma a cikinsu babu mai kyan gani ko ɗaya. Baƙi ƙirin, kamar an tsamo su daga baƙin man mota. Babu fure, babu tsuntsu, babu komai irin na falo. Ɗakin kuma yana wani irin wari da ya kama mini maƙogwaro.

Na tambaye shi mene ne waɗannan. Ya ce in bar su, wai ke yake jira. Na sake tambaya, ya juya mini baya. Kin san Baba da magana, sai an yi kamar za a ciro masa haƙori.

Mutumin da ya yi shekaru yana zana furen da mata ke rububi a kasuwa, yau ya koma tsoma ƙwai a baƙin ruwa yana jerawa. Ni dai ban ga alamar lafiya ba, kuma tsoro nake ji. Na karɓo katin ganin likitan ƙwaƙwalwa a babban asibiti. Ke ce ma'aikaciyar jinya, ke ce kuma kika zauna da shi a ɗakin nan kina yarinya, don haka ki faɗa mini abin da kike gani. Kin daɗe ba ki leƙo mu ba, shi ya sa nake ba ki labarin dalla-dalla.

Malama tana gaishe ki.

Yayanki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso a cikin buhunan albasa, don motar kayan abinci ce kaɗai ke hawo mana dutsen nan, ita ma in ta ga dama. Wayar ofis har yanzu a mace take. Ni lafiyata ƙalau. Masu haƙar ma'adinai ba sa rabuwa da yankan hannu da tari, mu biyu ne a asibitin, ɗayar kuma ta tafi hutun haihuwa. Ka gaishe da Malama, ka ce ta riƙa ɗora ƙafafun a kan matashi, ta rage gishiri. Takalminka kuma Allah ya ba ta haƙurin warinsa.

Na karanta "ke yake jira", na kuma karanta "kin daɗe ba ki leƙo mu ba". Na gane, Yaya. Ba sai ka sa maganarka a bakin Baba ba. In so kake ka ce na bar maka tsoho na gudu, ka faɗa kai tsaye, zan iya ji. Lokacin jinyar Umma ni ce na zauna a kan bencin asibiti har bayana ya sage, kai kana wani gari kana jan waya, kuma ban taɓa goranta maka ba. Yanzu ma ba yawo na zo ba. In na sauka daga nan, wa zai ɗinke mutane?

Maganar ƙwai a fili take. Kafin a yi wa ƙwai zane ana huda shi, a fitar da na ciki da sirinji, a wanke, a shanya. In aka manta, ko aka yi rabi da rabi, ruɓewa yake yi, ya yi baƙi, ya yi wari, wata rana ya fashe da kansa. Baba ya fara mantuwa ke nan, shekaru ne. Ruɓaɓɓen ƙwai kuma ba abin ajiyewa ba ne a gidan da ake jiran jariri. Ka zubar da su duka. Kyandir ɗin ma ka ɗauke, tunda har an kai ga labule. Ka kai shi wajen likitan, ka tafi da kwalin maganinsa don a ga abin da yake sha.

Na kabad ɗin falo kar wanda ya taɓa, musamman mai tsuntsaye biyu, nawa ne.

Ka gaida Baba.

Auta

*

Auta,

Bayan sallama, da gangan na jinkirta amsa, don da na rubuta a ranar da na karanta taki, da yanzu ba ma ga maciji. Sannan kuma hidima ta taso. Malama ta sauka lafiya, an samu mace. Hancinki ta ɗauko, da saurin fushinki, Allah dai ya kyauta. Uwa da 'ya suna lafiya, ƙafafun sun sace, an dawo mini da takalmina.

Ban sa magana a bakin Baba ba. Abin da ya faɗa na rubuta. Zancen bencin asibiti kuma na ji, gaskiya ne, ban musa ba. Mu bar shi nan.

Na bi shawararki. Ranar da motar shara ke zuwa layinmu na shiga ɗakin na fara ɗaukar kiret. Baba ya taso ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in ajiye. Na ce masa, "Baba, Auta ce ta ce a zubar, ga takardarta." Ya sa tabarau, na nuna masa layin da yatsa, ya karanta. Ya daɗe yana kallon wurin. Daga nan ya miƙo mini takardar, ya matsa gefe ya ba ni hanya. Kiret na ƙarshe, wanda ke kan keken Umma, shi ya ɗauko ya miƙo mini da hannunsa. Kyandir da ashana ma ban roƙa ba, ya haɗo mini.

Wani abu dai. Kin ce ruɓewa suka yi, amma ni ban ga haka ba. Ba su da nauyi ko kaɗan. Ɗaya ya fashe a hannuna, cikinsa fes, fari tas. Bayansu ne kawai ke da gudaji-gudaji masu manne wa yatsa, na yini hannuna yana ƙamshin zuma. Warin da na ce miki ashe daga kwalaben rini yake fitowa. Ko ma dai mene ne, mai cikakken hankali ba zai zauna yana ɓata ƙwai haka ba. Na ajiye guda in nuna wa likita, na naɗe shi a hankici na sa a aljihun gaban mota don kar in manta. Layin likitan da tsawo, ba a kai kanmu ba tukuna.

Yanzu ga halin da ake ciki. Baba bai ƙara shiga ɗakin baya ba. Ya ba ni makullin ya ce in zuba wayoyina da tsanina a ciki, tunda sun cika tsakar gida. Yini yake a falo a gaban talabijin, a kashe. In an miƙa masa jaririya ya karɓa ya rungume, in an karɓe ya mayar da hannunsa kan gwiwa. Abinci cokali biyu ya ture. Malama ta ce wandonsa ya fara yi masa yawa. Sunanki kuma bai sake ambata ba, ko da na ce kina gaishe shi kai kawai ya gyaɗa.

Na ɗauka in na raba gidan nan da kyandir hankalina zai kwanta. Bai kwanta ba. Ko akwai wani maganin ƙarin cin abinci da kika sani, ki rubuto sunansa.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama, da barka. Allah ya raya mana ita, ya ƙara wa Malama lafiya. Ina lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, a tsaye nake yi, direban motar yana jirana.

Yaya, ƙwan nan ba su lalace ba. Gamammu ne.

Bari in faɗa maka yadda Baba yake aikinsa, tunda ba ka taɓa gani ba. Akwai ɗan alƙalami mai bakin tagulla a gwangwanin kan teburinsa. A ciki yake sa kakin zuma, ya kara a kyandir ya narke, ya yi zane da shi a kan farin ƙwai. Duk inda kaki ya rufe, rini ba ya kamawa. Sai ya tsoma ƙwan a rawaya, ya fito da shi ya rufe inda yake so rawaya ta zauna. Ya tsoma a ja, ya sake rufewa. Haka yake bi daga mai haske zuwa mai duhu, baƙi ne na ƙarshe. Kakin ma baƙi yake yi saboda hayaƙin kyandir. In ya gama, ƙwan kamar gawayi yake komawa, amma zanen yana nan a ƙasa. Abin da ya rage kawai a kara shi kusa da wuta, kakin ya narke, a goge da tsumma.

Wannan gogewar kuma Baba bai taɓa yin ta da hannunsa ba. Cewa yake shi ya riga ya san abin da ke ciki, daɗin na mai buɗewa ne. Ina yarinya ni ce mai tsumma. Da na tafi makarantar jinya Umma ta karɓa. Duk na kabad ɗin falo, ko ni ko ita muka buɗe su. Tun da ta rasu ke nan yana rufewa, babu mai buɗewa. Da ya ce ni yake jira, abin da yake nufi ke nan, ba ƙari. Duk aikin da ya yi tun rasuwarta ne ya shiga motar shara, kuma da takardata.

Na san wannan kamar yadda na san sunana. Da na karanta takardarka ta farko da ido ba da fushi ba, cewar da ka yi baƙi ne a jere cikin kiret ta ishe ni. Amma ina ganin layin nan biyu sai na daina karatu na fara shirya amsa. Da na zo wajen ƙamshin zuma a takardarka ta biyu, zama na yi a ƙasan ɗakin magani ina kuka, har wani mai karyayyen hannu ya leƙo yana ba ni haƙuri.

Babu maganin cin abincin da zan rubuto maka. Ka fitar da ƙwan nan daga mota, zafi zai taɓa shi. Kar ka kai wa likita. Ka mayar wa Baba da kyandir ɗinsa, ka kafa shi a kan farantin ƙarfe, ka bar tagar babu labule, in ya kunna wani ya zauna kusa. Wayoyinka kuma kar su shiga ɗakin nan.

Ban san abin da zan ce ka faɗa masa ba. Ka karanta masa wannan in zai saurara.

Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Jaririya ta fara sanin mutane, ni take wa dariya, uwarta kuwa sai harara. Mun samu ganin likita. Ya yi wa Baba tambayoyi, ya sa shi zana agogo, Baba ya zana masa har da adon gefe. Ya ce bai ga ciwon mantuwa ba, amma ramar ba ta yi masa daɗi ba.

Takardarki ta makara, zafin motata ya riga ki. Wata rana na bar motar a rana a bakin kasuwa tun safe. Da la'asar na buɗe aljihun ina neman abin gwada wuta, sai na ga hankicin ya manne, ya yi baƙi. Na ɓamɓare shi a hankali. A jikin ƙwan, wuri kamar faɗin babban yatsa, ga ja, ga rawaya, ga wani ɗan ganye da layuka sirara kamar gashi. Na zauna a motar nan har masu shago suka fara rufewa. Daga nan na tuƙa zuwa juji, ban san me nake zaton zan samu ba. Na tsaya na kalli tulin, na juyo. Na ɗauki biro in rubuto miki ya fi a ƙirga, na rasa ta inda zan fara, har taki ta iso.

Na karanta wa Baba ita daga sallama har sa hannu. Ya saurara. Da na gama ya tambaya ko mai karyayyen hannun ya warke. Shi ke nan abin da ya ce.

Washegari na yi yadda kika ce. Na share teburin, na kafa kyandir a kan faranti, na yanko tsumma daga tsohuwar singiletina, na je na ce masa ya zo. Ya ce ƙafarsa na ciwo. Sai na koma na bar ƙofar a buɗe, na kunna, na ɗauki ƙwan na ɗora shi a saman wutar kamar mai gasa masara. Ban ji tahowarsa ba. Daga bakin ƙofa na ji ya ce, "A gefe ake riƙewa. In ka ɗora a sama hayaƙi zai ɓata shi."

Ya shigo ya kama wuyan hannuna ya matsar da shi gefen wutar. Kakin ya fara ƙyalli, ya ce in goge. Na goge. Ya ce ba haka ba, ba tukunya nake wankewa ba. Na sassauta hannu. Muka ci gaba, yana juya hannuna ina gogewa, ganye yana fitowa, sai reshe, sai 'yan tsuntsaye a jere a kai. Auta, zanen zanin Umma ne, mai ganye da tsuntsaye, wanda ya zana musu a kamfani, wanda ta goya mu duka da shi. Shi Malama ke shimfiɗa wa jaririya yanzu. Duk ya sa shi a jikin ƙwai ɗaya, bai bar ko ɗigon idon tsuntsu ba. Mutumin da na karɓo wa katin likitan ƙwaƙwalwa ke nan. Tunanin abin da ke jikin sauran da na kai motar shara shi ke hana ni sakat.

Da muka kai rabi ya riƙe hannuna ya ce, "Ya isa. Sauran na Auta ne." Na ce to in sa shi a gwangwani da auduga in aiko miki. Ya ce wannan ba ya shiga buhun albasa. Ya hura kyandir ɗin, ya ɗora ƙwan a bakin taga, gefe ɗaya ado, gefe ɗaya baƙi.

Kar in yi miki ƙarya, bai koma zane ba. Na sayo kiret ɗin ƙwai na ajiye a kan teburin, yana nan yadda na ajiye shi. Na ba shi haƙuri a kan waɗancan, ya ce an riga an zubar. Amma ya karɓi makullinsa, kuma kullum da safe yakan shiga ya tsaya a gaban tagar kaɗan ya fito. Abincin yana nan cokali biyu, wani lokaci uku.

Wannan karon ba maganar Baba ba ce, tawa ce, kuma kai tsaye kamar yadda kika nema. Ki zo.

Yayanki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, ina gaida kowa. Ka ce wa Baba mai hannun ya warke, har ya koma ramin haƙar ma'adinai.

Abokiyar aikina ta dawo, shugabanmu ya sa hannu a hutuna. In motar ta hawo, da ita zan sauka, a kan buhunan da babu komai. Ban san ranar ba, ka san halinta.

Ka ce wa Baba ya huda ƙwan da ka sayo ya wanke, kar su ruɓe da gaske in ce na faɗa. In hannunsa ya yarda ya rufe ko biyu ne, ɗaya nawa ɗaya naka, tunda yanzu ka san gefen wuta. Singiletinka kuma ka riƙe abinka, akwai tsumma mai laushi a aljihun keken Umma, na hagu.

Ƙwan kuma ka ɗauke shi daga bakin taga ka sa a inuwa, kar rana ta riga ni.

Auta